Tana Ma Tana Da Kalar Abincinta: Yadda Ake Ciyar Da Ita A Noman Bokiti

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau maganar tana za mu yi. Eh, tanar nan dai da ke fitowa da damina. Duk mai shuka tumatir, attaruhu ko alayyafo a buhu ko bokiti ya san matsalar: ƙasar ciki 'yar kaɗan ce, girbi ɗaya ko biyu ƙarfinta ya ƙare, ga takin zamani ya yi tsada. To, tana na iya mayar muku da sharar kicin ta zama taki. Sai dai fa sau da yawa ba yunwa ke kashe tanar da ake kiwo ba, abinci ne ke yi mata yawa.

Da farko, ba kowace tana ce ke wannan aikin ba. Wadda ke haƙa rami can ƙasa ba ta zama a bokiti. Wadda ake so ita ce mai rayuwa a sama-sama, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye ko tsohon kashin shanu. A Turai da Amurka an fi kiwon wata ja, Eisenia fetida, amma ita ta fi son yanayi mai digiri 15 zuwa 25. Akwai kuma Eudrilus eugeniae, wadda asalinta ma Afirka ta Yamma ne, kuma ta fi jin daɗi a digiri 25 zuwa 30. Ita ce ta fi dacewa da mu. Da damina ku duba ƙarƙashin tsohon taki mai danshi.

Kayan aikin ba sai an saya ba. Ka samu ƙaramin bokitin roba mai murfi, kamar mai cin lita 5, ka wanke shi tas. Ka ɗora ƙusa a wuta, ka huda gindinsa da gefensa, kowace huda kamar kaurin biro. Murfin kuma ƙananan hudoji kawai don iska. Sai ka binne shi a tsakiyar babban baho ko rabin duro da ka yi shuka a ciki, ka bar bakinsa a waje. A ciki ka zuba yayyagaggen kwali da aka jiƙa, busasshen ganye da hannu ɗaya na tsohon taki, sannan ka sa tanar. Za ta riƙa shiga bokitin ta ci, ta fita ta hudojin ta yi kashi kusa da saiwar shuka. Kashin nan shi ne takin.

Yanzu ga inda maganar take. Tana ba ta da haƙori. Ƙundu gare ta kamar kaza, shi ya sa take buƙatar ɗan yashi ko dakakken ɓawon ƙwai don niƙa abinci. Kuma ba ta iya cin abu ɗanye shar, sai ya fara ruɓewa ya yi laushi. Don haka ka yayyanka shi ƙanana kafin ka zuba.

Abin da take so: ɓawon ayaba, ɓawon kankana da gwanda, ragowar kabewa, tsinken alayyafo, ganyen shayin da aka riga aka dafa, da kashin shanu ko na awaki da ya daɗe ya huce.

Abin da za ka nesanta da ita: ragowar miya, saboda gishiri da mai da yaji, nama da kifi, don suna wari su jawo ɓera, albasa, tafarnuwa da ɓawon lemo mai yawa, sai ɗanyen kashin kaji, wanda zafinsa da ƙaurinsa ke kashe ta. Dalili kuwa, ta fatarta take numfashi, duk abin da ya ƙona fatar ya gama da ita.

Nawa za a ba ta? Idan ta zauna da kyau, tana iya cin kusan rabin nauyinta a rana. Amma a makonnin farko, hannu ɗaya duk bayan kwana 3 ko 4 ya isa. Ƙa'idar ɗaya ce: kar ka ƙara sai na baya ya kusa ƙarewa. In ka jibga mata, abincin zai ruɓe kafin ta cimmasa, ya yi tsami, ya ɗau zafi, ya cinye iskar ciki. Duk sanda ka zuba, ka rufe da busasshen ganye ko kwali, ƙuda ba zai samu wurin yin ƙwai ba.

Bokitin da kansa zai faɗa maka halin da ake ciki. In yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa, lafiya lau. In yana wari, ko ka ga tanar na hawa bango tana neman gudu, to ka tsayar da abinci mako guda, ka ƙara busasshen kwali. In tururuwa ta shiga, wurin ya bushe kenan, ka yayyafa ruwa. Gwajin danshi kuwa, ka damƙi shimfiɗar ka matse: ɗigo ɗaya ko biyu ya kamata ya fito.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu, garuruwa irin su Kano, Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40, kuma wannan kashe tana yake yi. Ka kai bahon inuwa, ka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara. Da hunturu ka kula da bushewa, da damina ka tabbata ruwa na tsiyayewa. Murfi kuma kullum a rufe, don kaji da ƙadangaru ba sa wasa.

Bayan wata 2 zuwa 3 za ka ga baƙin taki mai laushi ya taru. Ka kwashe rabi ka barbaɗa wa sauran buhunanka, ka mayar da tanar da ta biyo.

A nan za mu dakata. Wanda ya gwada ya ba mu labarin yadda ta kaya, wanda ke da tambaya ya ajiye mana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya sa albarka a abin da muka shuka.