Gargaɗi: Kada A Sa Wuƙa A Firiza, Kada A Kunna Walda A Bayan Firji

Jama'a, in zafi ya shigo, lokacin da firji ke nuna halinsa ke nan. Daga Maris zuwa Mayu, a Sakkwato da Maiduguri da Kano da Damagaram, zafin rana kan haura digiri 40. Injin firji ya wuni yana gurnani babu hutu, masu sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya suna cusa wa firiza kaya har murfi ya ƙi rufuwa. A irin wannan lokaci ne uwargida kan ɗauko wuƙar kicin ta hau saran ƙanƙarar da ta kama bango, maigida kuma ya ɗauki sukundireba ya zagaya baya, don ya ga wani yana yi a bidiyon waya. Don Allah a dakata. Akwai gyaran da hannunku zai iya, za mu zo kansa. Amma bututun gas da wayoyin inji ba wurin gwaji ba ne.

Bangon nan da ƙanƙara ke kamawa ba dunƙulen ƙarfe ba ne. A yawancin ƙananan firji siririn fallen alminiyam ne, a cikinsa gas ke zagayawa, in kun duba da kyau za ku ga hanyoyin sun ɗan taso kamar jijiyar bayan hannu. A firizar kwance kuwa bututun yana manne ne a bayan fallen, ido ba ya ganinsa. Tsinin wuƙa sau ɗaya ya isa. Sai a ji huci, gas ya tsere, ruwan ƙanƙarar da ke narkewa ya bi ta hudar ya shige, kuma ruwa a cikin bututu ajalin inji ne. A da iyakar asarar ke nan, kuɗi. Yanzu abin ya wuce nan, domin gas ɗin ya canza.

Firjin iyayenmu da gas mai suna R12 yake aiki, wanda aka gano yana cinye rufin ozon da ke kare duniya daga kaifin hasken rana, aka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987 don a daina shi. R134a ya maye gurbinsa. Daga baya, a farkon shekarun 1990, aka fara ƙera firji mai R600a a Jamus, kuma yau shi ne a cikin yawancin sababbin firjin gida. Gas ne mai kyau, yana sanyi, ba ya jan wuta da yawa. Sai dai ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kamawa da wuta. Bambancinsu ma shi ne abin tsoron: na girki da gangan ake zuba masa wari don hanci ya sanar da ku in yana yoyo, wannan kuwa ba a sa masa komai. Ga shi ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, ƙasa yake kwantawa, daidai inda muke ajiye risho da kaskon turare da maganin sauro mai hayaƙi, inda kuma ekstenshin ke kwance.

Yau ɗin nan kowa ya leƙa bayan firjinsa. A jikin baƙin injin nan, ko a takardar da aka manna a ciki ko a baya, an rubuta sunan gas ɗin da nauyinsa. In kun ga R600a, sau da yawa tare da hoton harshen wuta a cikin alama mai kusurwa uku, to ku gaya wa duk mai taɓa firjin a gidan, har mai aiki da yara.

Gaskiya gas ɗin ba shi da yawa, a firjin gida bai cika kai giram 100 ba. A falo mai faɗi da tagogi a buɗe, iska kan kwashe shi. Masu ƙera firji sukan rubuta cewa kowane giram 8 yana buƙatar fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi. To ku auna wannan da inda mu muke ajiye firiza: sito marar taga, lungun kicin kusa da murhu, shagon kwantena da ake rufewa ruf da dare. Haka nan in yoyon a cikin firjin yake kuma ƙofa na rufe, gas ɗin yana taruwa a wuri guda, ɗan tartsatsi kawai yake jira.

Idan an riga an huda, kun ji hucin nan, kada kowa ya kanga fuska ko ya toshe da yatsa, domin gas mai fita yana ƙona fata da sanyi, ya fi illa a ido. Kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin fitila ko na fanka, ko kunnawa ko kashewa. A fitar da yara, a kashe duk wuta mai ci, a buɗe ƙofofi da tagogi, a yanke lantarki daga waje, wajen mita ko canjoba. A bar wurin ya sha iska sosai kafin a koma. Kuma kada a liƙe hudar da gam a sake kunnawa, ba gyara ba ne.

Narkar da ƙanƙara ba ya son ƙarfi, haƙuri yake so. A zare filogi, a kwashe kaya a zuba a kula, a bar murfin a buɗe, a ajiye roba da ruwan ɗumi a ciki, a shimfiɗa tsumma a ƙasa. In ta fara saki, a ture ta da cokalin roba ko na katako. Ban da hita, ban da kyandir, ban da garwashi. Wanda ya riƙa yin haka tun kaurin ƙanƙarar bai wuce na yatsa ba, ba zai taɓa buƙatar wuƙa ba.

Sai maganar masu gyara, kuma a nan nake so maza su buɗe kunne. Akwai gwanaye masu tsoron Allah a wannan sana'a, da yawa ma. Akwai kuma wanda kafin ya ajiye jakarsa ya riga ya yanke hukunci: «Alhaji, gas ne ya ƙare.» Gas ɗin firji ba ya ƙarewa. A rufe yake, yana zagayawa ne kawai shekara da shekaru. In ya ragu, to akwai huda. Wanda ya ɗura sabo bai nemo hudar ba, zai dawo ya sake karɓar kuɗinku, gas ɗin kuma a ɗakinku yake tsiyaya. Ku tambaye shi ina yoyon yake, ya nuna muku. Ku tambaye shi wane gas zai sa, ku karanta gwangwanin da idonku, ya dace da abin da ke rubuce a jikin injin. Kowane inji da gas ɗinsa da man da ya dace da shi, kuma awo ake yi da sikeli, ba da ka ba. Wanda ya ce zai ɗura na girki don ya fi araha, ku sallame shi da girma da arziki. Tsohon firjin da aka ƙera don R12 ko R134a ba a tsare makunnansa daga tartsatsi ba, tunda ba a yi shi don gas mai kamawa ba.

Kada ku yarda a kunna wutar walda a bututu a cikin ɗaki. A fitar da firjin tsakar gida, a tabbatar babu sauran gas a ciki tukuna. Ko tsofaffin gas ɗin da ba sa ci da wuta, in harshen walda ya taɓa su, guba suke zama mai ƙona huhu. Sai wani ganganci da ya fi kowanne muni: hura iskar oksijin ta tukunyar walda a cikin bututu don neman yoyo. Oksijin in ya haɗu da man inji a matse, fashewa yake yi, kuma mai gyaran da duk wanda ke tsaye a kansa suna cikin haɗari. Da iskar naitirojin ake wannan gwaji.

Wutar lantarki kuwa, bolt 220 zuwa 230 ne a soket ɗinmu, ta isa ta kashe ƙato, balle mace mai jiƙaƙƙen hannu da ke tsaye babu takalmi a kan siminti. Firjin da ke ɗan jan mutum in an taɓa jikinsa ba “halinsa” ba ne, wuta ce ke zuba a ƙarfen. Ɗaura tsumma a hannun ƙofa ba magani ba ne. A kashe shi har sai mai wayarin ya duba. Ƙafa ta uku a filogi ita ce ke kai irin wannan wuta ƙasa maimakon ta bi ta jikinku, saboda haka kada a karya ta, kada a yanke filogi a soka tsirarun wayoyi a soket a tokare da tsinken ashana. Ba a jona firiza a siririn ekstenshin tare da dutsen guga da hita. Kuma zare filogi bai sa akwatin wayoyin inji ya zama lafiya nan take ba: wasu suna da kafasita mai riƙe caji, musamman firjin zamani mai inbata. In wuta ta kama wani, kada a riƙo shi da hannu, a yanke wutar, ko a ture shi da busasshen itace.

Kun san ƙarar nan: injin ya yi gunji na ɗan lokaci, sai «ƙas», ya yi shiru, bayan 'yan mintoci ya sake. Wani ɗan makari ne ke yanke wuta don kada injin ya ƙone. Sau da yawa laifin rabin wutar da aka kawo ne, ko an ɗauke an dawo da ita nan take, ko kuma ɗan rilen da ke tayar da injin ya mutu, abin da ba shi da tsada. In an ɗauke wuta ko za a koma janareta, a ba firji minti biyar kafin a mayar da shi, a kuma sa masa sitabilaiza mai jinkiri. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne a cire makarin a haɗa waya kai tsaye, «a yi masa dairek», wai don ya daina yankewa. Injin da ba shi da mai tsayar da shi zai yi ta zafi, ga soso mai riƙe sanyi a jikin firji, wanda ke ci da sauri ya fitar da baƙin hayaƙi mai guba. Gobarar benen Grenfell a Landan, ranar 14 ga Yuni 2017, wadda ta ci rayuka 72, binciken hukuma ya nuna daga matsalar lantarki a wani firji ta tashi, a hawa na huɗu, da dare mutane na barci. Kayan da aka lulluɓe benen da su ne suka yaɗa ta, amma daga kicin ta faro. In firji ya kama, a yanke wuta daga waje, kowa ya fita, a kira 'yan kwana-kwana. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, a Nijar 18. Ba a watsa ruwa alhali wuta na jone.

Abin da za ku iya da kanku, bayan kun zare filogi, ya fi yadda ake zato yawa, kuma shi ke magance yawancin ƙorafi. Ƙurar hunturu kan toshe ragar ƙarfen da ke baya, a share ta da busasshen burushi a hankali. A janye firjin daga bango kamar faɗin tafin hannu, a raba shi da murhu da hasken rana, a daina lulluɓe shi da zane don ado, musamman firizar kwance da ke fitar da zafinta ta jikinta. Robar ƙofa kuma a gwada ta da takardar kuɗi: a rufe ƙofa a kanta a ja, in ta zame babu turjiya, sanyi na fita ta nan. A wanke robar da ruwan ɗumi da sabulu, in ta tsage a sauya. Ruwan da ke taruwa a ƙasan firji, yawanci 'yar hudar da ke bangon baya ta ciki ce ta toshe, ruwan ɗumi da abu mai laushi sun isa. In an ɗauko firji a mota, musamman a kwance, a bar shi tsaye na wasu awowi kafin a kunna, man injin ya koma mazauninsa.

Masu sayen tokumbo, ku duba wani harafi a takardar jikinsa. N da SN an yi su ne don wurin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST ya kai 38, T kuma 43. Firji mai N a Sakkwato cikin Afrilu ba lalacewa ya yi ba, ƙasar ce ba tasa ba, kuma babu yawan gas ɗin da zai canza masa hali.

Kada tsoron asarar nama ya sa ku gaggawar gyara. Firizar da ke cike, in ba a buɗe ta ba, takan riƙe sanyi har kusan kwana biyu, mai rabin kaya kwana guda, firji kuwa kamar awa 4. A zafinmu ku rage wannan lissafin. Naman da ya narke ya ɗau ɗumi, sake daskarar da shi ba ya kashe abin da ya riga ya hayayyafa a ciki.

In kuma firizar ta mutu murus an jingine ta a zaure ko bayan ɗaki, a kwance murfinta a cire gaba ɗaya, ko a juya ta a ɗaure da sarƙa. Yaro mai wasan ɓuya yana iya shigewa, murfi ya faɗo, robar ta hana iska shiga, ta hana kukansa fita. Tun 1956 Amurka ta kafa dokar cewa dole ƙofar firji ta buɗu daga ciki, saboda yaran da suka mutu a haka. Murfin firizar kwance yana da nauyi, wasu ma da makulli suke zuwa, kuma ɗan shekara huɗu ba lallai ya iya ɗaga shi daga ciki ba. Aikin sukundireba ne na minti biyar, a yi shi kafin yara su taso daga makaranta.