Asabar a Kasuwa: Gwanjo a Birnin Kebbi, Cefane a Argungu

Yau batun aljihu za mu taɓa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya san yadda kuɗi ke narkewa a hannu. To ni akwai wata al'ada da na riƙe: Asabar ɗaya a wata nakan ware ta, safiya ga kayan hannu a Birnin Kebbi, daga nan in wuce Argungu cefane. Zan bayyana muku yadda abin ke aiki, da inda riba take, da kuma inda ya kamata mu ji tsoron Allah.

Mu fara da kayan hannu. A Amurka, mutum kan fito da tsofaffin kayansa ƙofar gida ranar Asabar, ya liƙa wa kowanne farashi, maƙwabta su zo su saya. Mu nan wa zai yi haka? Kafin azahar unguwa ta ɗauka cewa wane ya karye. Amma buƙatar tana nan, shi ya sa iyayenmu mata suka daɗe da samo mafita: dillaliya. Ita ke shiga gida-gida da ƙullinta, atamfa da aka ɗaura sau biyu, kwanuka, labule, wani lokacin har gado da katifa. Mai kaya ba ta san mai saye ba, mai saye ba ta san mai kaya ba, dillaliya ta ɗauki la'adarta, asirin kowa a rufe. Yanzu wannan sana'a ta hau WhatsApp, amma tsarin bai canza ba.

Sai gwanjo. Yawancinsa tufafin da aka gama sawa ne a Turai da Amurka da Asiya, a tantance, a matse su a dila, a yo jirgin ruwa da su. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, gwanjo yana cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigowa da su Najeriya. Saboda haka mai yawa daga ciki a Kwatano yake sauka, sannan ya lallaɓo ta kan iyakoki, ya isa manyan kasuwanni irin su Ƙofar Wambai ta Kano. Mu kuwa Kebbi muna da iyaka da Benin da Nijar duka. Shi ya sa in an rufe iyaka, kamar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ko bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ko in dala ta tashi, sai ka ji a jikin rigar da ke rataye a babbar kasuwarmu.

Ga sirrin farashi. Mai gwanjo dila yake saye a rufe, bai san me ke ciki ba. In ya fasa, zaɓen farko ne zai fitar masa da uwar kuɗi, don haka shi ke da tsada. Na biyu ya fi sauƙi. Ragowar kuma a zube a ƙasa, kowanne kuɗi ɗaya. To kai sai ka san me ka zo nema. In rigar zuwa neman aiki ce, tambayi mai shago ranar da yake fasa dila, ka yi sammako. In kayan zaman gida ne na yara, na zube ya wadatar. Ka ɗaga tufa ka duba ta a rana, ka leƙa hammata da wuya da zip. In ka je gida a wanke, a shanya, a goge kafin a sa. Kayan wuta kuwa, fanka ko dutsen guga ko waya, kada ka biya sai an jona a gabanka. Wayar da ba kwali, ba rasit, kuma kuɗinta ya yi arha fiye da hankali, bar ta. Araha ba ta ado, wani lokacin ma ofishin 'yan sanda take kai mutum.

Yanzu mu kama hanyar Argungu, tafiyar kilomita hamsin da 'yan kai. Duniya ta san garin da bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda aka faro a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Amma biki na kwanaki ne, fadama kuwa ta shekara ce. Ita ke ba mu shinkafa damina da rani, da kayan gwari, ga kifi daga hannun masunta, tarwaɗa da karfasa, ɗanye ko banda. Ba banza ba ne aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, aka kuma buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu a 2017.

Me ya sa kaya kan fi sauƙi kusa da gona? Duk hannun da tumatir ya bi sai ya bar wani abu: kuɗin mota, ɗan dako, dillali, kuɗin rumfa, ga wanda ya ruɓe a hanya, shi ma mai saye na ƙarshe ne ke biyansa. In ka matso kusa da manomi, ka rage waɗannan hannuwa.

Amma a yi lissafi, jama'a. In za ka je ka dawo don tumatir kashi biyu, kuɗin mota ya cinye ribar. Abin da muke yi mu biyar ne: kowa ya kawo kuɗinsa, mutum biyu su tafi, a sayi buhu ko kwando, a dawo a raba da mudu ɗaya a gaban kowa. Shinkafa da busasshen kifi da albasa suna ajiyuwa. Tumatir da tattasai in sun yi yawa a yanka a shanya, ranar Kebbi kyauta ce.

Ga inda nake so mu tsaya. Ciniki halal ne, ka taya, a ce albarka, ka ƙara, a sallama, har ka nemi gyara. Sai dai na lura da wani hali namu: mu shiga babban kanti mu biya abin da aka rubuta ba ko tari, amma mu tsaya kan tsohuwa mai kashin yakuwa muna ja kamar ranmu zai fita. Akwai dattijon da nake sayen tattasai a wurinsa, ranar nan na ce, "Baba, a rage mana mana." Ya ce, "Ɗana, da fetur na ba shi ruwa, in na rage maka injin ba zai rage mini ba." Gaskiyarsa. Mai noman rani da yamma ta yi masa, kayansa na yaushi, ba shi da wurin sanyaya su, dole ya sallama ko da faɗuwa ne. In ya faɗi bana, baɗi ba zai shuka ba, mu kuma mu dawo muna kukan tsada.

Haka gwanjo yake da nasa gefen. Yana rufa mana asiri, amma kowace rigar dila aiki ce da ta wuce telan unguwa. Ni dai nakan raba: kayan sanyi da takalmi a gwanjo, kaftani da kayan sallah wurin tela.

To ku fa, ina kuke samun sauƙi a garinku, kuma wace rana ake fasa dila a kasuwarku? Ku rubuto mana a ƙasa don wani ya amfana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.