Kafin Ka Jona Raspberry Pi da Cajar Waya

Raspberry Pi kwamfuta ce sukutum a kan ɗan faranti guda, girmanta bai wuce tafin hannu ba. A Ingila aka ƙirƙiro ta, ta shiga kasuwa a 2012. Yawanci haka ake sayar da ita tsura, ba caja, kuma da yake ramin wutarta irin na waya ne, sai mai ita ya jawo kan cajar da ke kusa ya jona. Rabin waɗanda ake cewa sun lalace, a ganina, yunwar wuta ce ke damunsu.

Volt 5 take sha. Abin da ke ƙaruwa daga samfuri zuwa samfuri shi ne amfiya: Pi 3 na son 2.5, Pi 4 ta 2019 na son 3, ita kuwa Pi 5 ta 2023 har 5 take nema. In ka ba Pi 5 amfiya 3 za ta tashi, amma za ta taƙaita wutar da take ba na'urorin da aka maƙala mata ta USB.

Kada babban rubutun jikin kwali ya ruɗe ka. Cajar da ke alfahari da wat 65 tana kai wa can ne ta hanyar ɗaga volt zuwa 20, abin da Pi ba ta amfani da shi. Juya kan cajar, ka karanta ƙananan rubutun nan da ba mai kulawa da su, ka nemi layin 5V. Sau da yawa 2A ko 3A za ka gani a gabansa.

Sai igiya, wadda ita ce aka fi rainawa. Siririya mai tsawo tana zubar da ƙarfin wuta a hanya, kamar tiyo mai yoyo. Shi ya sa cajar kamfanin da ke yin Pi take ba da volt 5.1, da igiyarta mai kauri a haɗe. Da zarar wutar ta sauka ƙasa da kusan 4.63, kwamfutar za ta nuna gargaɗi a allo, ta rage gudu don kada ta mutu. Wani lokaci linzami ya daskare, wani lokaci ta kashe kanta ta sake tashi.

Mu da NEPA ke ɗauke mana wuta ba sallama muna da ƙarin damuwa: yankewar wuta tana tsakiyar rubutu na iya lalata katin memori, aiki ya bi ruwa. Fawa bank na taimakawa, sai dai wasu suna ɗan yanke wuta daidai lokacin da aka jona su caji, don haka gwada naka tukuna. Mai sola kuma ya sa na'urar da ke sauke volt 12 na batir zuwa 5, ya auna da mita kafin ya jona, domin 12 kai tsaye ƙona farantin zai yi nan take.