Sauran taran nan, ina suka shiga?

Ga rubutun shirin wannan mako, don waɗanda data ta hana su saurara.

"Ya gida?" "Mun gode Allah." "Ya aiki?" "Da godiya." Sau nawa muke faɗin haka a yini? Amma fa da za a tsayar da kai a ce, to, ka gode masa a kan me, sai ka ɗan yi shiru tukuna. Baki ya riga ido.

Mu duba Luka sura 17. Yesu yana hanyar Urushalima, tsakanin Samariya da Galili, sai ga kutare goma sun tsaya daga nesa suna roƙon jinƙai. Nesa ɗin nan doka ce: Littafin Firistoci sura 13 ya ware mai irin wannan cuta daga jama'a, sura 14 kuma ta ce firist ne zai tabbatar ya tsarkaka kafin ya koma cikin mutane. Shi ya sa Yesu ya tura su wurin firistoci. Suna cikin tafiya suka warke. Mutum ɗaya kaɗai ya juyo, shi ma Basamariye.

Ni dai ban ɗauki taran nan mugaye ba. Sun kama hanya tun ba su ga alamar warkewa ba, wannan kuwa bangaskiya ce. Kuma abin da aka ce su yi suke yi. Ka tuna, ga iyali suna jira, ga rayuwar da ta tsaya cak. Sauri ne ya kwashe su, suka riƙe kyautar suka wuce mai bayarwa. Basamariyen kuwa baƙo ne, mutanensa ma a Dutsen Gerizim suke sujada, ba ya ganin haƙƙinsa ne aka ba shi. Ɗan gida ne ke saba wa alheri har ya daina ganinsa, mu da muka tashi a coci mu ji wannan da kyau.

To ta yaya ake koyon juyowa? Ignatius na Loyola, sojan Sifaniya da ya ji rauni a yaƙin Pamplona a 1521, daga baya ya kafa ƙungiyar Jesuit, ya koyar da binciken zuciya na kowace rana. Kafin mutum ya fara lissafin zunubansa, matakin farko godiya ne. Sannan ya bi ranar daki-daki tun daga tashi barci. Ba sai kana Katolika ba za ka iya. Kife wayar, minti goma sha biyar, ka kira abubuwa da sunansu: mai Keke da ya dawo maka da canjinka, zazzaɓin Mama da ya sauka, fushin da ka haɗiye.

Wani zai ce, ni da na rasa aiki fa? A 1 Tasalonikawa 5:18 Bulus ya yi maganar godiya a cikin kowane hali, bai ce kowane hali mai daɗi ne ba. Zabura cike take da kuka, ta 88 ma a cikin duhu ta ƙare, kuma ba a cire ta daga Littafi Mai Tsarki ba. Daren da abu ɗaya kawai ka samu, faɗi ɗayan, sauran kuma ka kai kukansu.