Daga Treichville zuwa San-Pédro: Yadda ake zaga gaɓar tekun Kwadebuwa da ƙaramin guzuri

Akwai 'yan kasuwa da masu sana'a da dama a Treichville da Adjamé da suka shafe shekaru a Abidjan, amma teku ba su san shi ba sai daga tagar mota a Port-Bouët. Wasu aiki ne ya ɗaure su, wasu kuma sun ɗauka cewa zuwa bakin teku sha'anin masu hannu da shuni ne. Alhali Kwadebuwa na da gaɓar teku da ta haura kilomita 500, daga iyakar Gana zuwa iyakar Laberiya, kuma tun da aka gyara babbar hanyar yamma, mutum huɗu ko biyar na iya haɗa kuɗi su zaga wani sashe nata ba tare da cin bashi ba. Ana iya rage kuɗin makwanci da na abinci, amma akwai wuraren da tsimi ke jawo asara, har ta rai.

Gabas ko yamma?

Yawan kwanakin da mutum ke da su ne ke zaɓar masa hanya. Mai wuni ɗaya ko kwana ɗaya gabas ya kamata ya nufa. Grand-Bassam na da nisan kimanin kilomita 40, kuma tashar motocinta, Gare de Bassam, a cikin Treichville take. Garin shi ne babban birnin farko na mulkin mallakar Faransa a ƙasar, daga 1893 har zuwa lokacin da annobar shawara ta 1899 ta sa aka koma Bingerville. A 2012 hukumar UNESCO ta sanya tsohuwar unguwarsa cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Yawo a ƙafa cikin Quartier France kyauta ne, kuma gidan tarihin tufafin gargajiya yana cikin tsohon gidan gwamna. Gaba da Bassam, bayan an wuce Bonoua, hanya na karkata zuwa Assinie, kusan kilomita 100 daga Abidjan. Wuri ne mai kyau, amma nan ne manyan masu kuɗi suka gina gidajen hutu, don haka komai na da tsada.

Mai kwana uku zuwa biyar yamma ta fi masa riba. Daga Treichville ana tsallaka gada zuwa Plateau, a bi ta Yopougon da Songon. Gada ta huɗu da aka buɗe a Janairun 2024 ta sauƙaƙa fita daga ɓangaren Adjamé zuwa Yopougon. Zango mafi kusa shi ne Jacqueville, kimanin kilomita 60, inda a da sai an jira jirgin fito kafin a buɗe gadar Philippe Grégoire Yacé a 2015. Daga nan sai Dabou, Grand-Lahou, Fresco, Sassandra, San-Pédro, Grand-Béréby, har Tabou kusa da Laberiya.

Yaya hanyar take yanzu?

Hanyar da ake kira La Côtière, mai tsawon kimanin kilomita 350 zuwa San-Pédro, ta yi shekaru tana cikin mummunan hali, har direbobi da yawa suka gwammace su zagaya ta Gagnoa da Soubré. An sake gina ta gabanin gasar cin kofin nahiyar Afirka da ƙasar ta karɓi baƙunci daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairun 2024, domin San-Pédro na cikin garuruwan da aka buga wasa, a filin Laurent Pokou.

Sai dai sunan hanyar na iya yaudarar baƙo. Duk da ana ce mata hanyar gaɓa, mafi yawanta ta cikin gonakin roba da kwakwar manja da koko ta ratsa, teku na can kudu ba a hango shi. Kafin a isa bakin ruwa sai an sauka daga kwalta an bi ƙananan hanyoyi, da yawansu na jar ƙasa. Monogaga, tsakanin Sassandra da San-Pédro, misali ne: wurin ya shahara, amma shigarsa da ƙaramar mota bayan ruwan sama aiki ne. Saboda haka wanda ya hau motar haya daga Adjamé ko Yopougon ya sa kuɗin babur ko tasi na ƙarshen tafiya cikin lissafinsa.

Tuƙin dare a wannan hanya ba dabara ba ce. Manyan motocin dakon koko da katako na zirga-zirga zuwa tashar jiragen ruwa ta San-Pédro, wadda ke sahun gaba a duniya wajen fitar da koko, ga kuma ƙauyuka a bakin titi. A tashi bayan sallar asuba, a isa zango kafin la'asar.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Damina a kudancin Kwadebuwa biyu ce. Babbar takan yi ƙarfi daga Mayu zuwa Yuli, ƙaramar kuma a Oktoba da Nuwamba. Daga Disamba zuwa Maris ne ake samun rani mai tsawo, hanyoyin ƙasa sun bushe, kwana a tanti ya yi sauƙi. A Agusta da Satumba ruwan sama kan yi sauƙi, amma tekun kan yi sanyi, gari ya yi lumshi.

Mai neman araha ya kauce wa makon Kirsimeti da sabuwar shekara, da hutun Ista, da kuma lokacin bikin Abissa na al'ummar N'zima a Grand-Bassam, wajen ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. A waɗannan ranaku ɗakuna kan cika, farashi ya tashi. Daga Litinin zuwa Alhamis masu masauki sun fi sauraron ciniki.

Ina kuɗin ke tafiya?

Abubuwa huɗu ne: sufuri, makwanci, abinci, da ƙananan kuɗaɗen hanya. Ga masu mota, lissafin mai a bayyane yake. Zuwa San-Pédro da dawowa kimanin kilomita 700 ne. Motar da ke shan lita 8 a kowace kilomita 100 za ta buƙaci lita 56, kafin a ƙara na shiga ƙauyuka. Idan mutum huɗu ne, lita 14 ke kan kowa. Gwamnati ce ke ƙayyade farashin mai, don haka ana iya gama lissafi tun daga gida. Sai a ware canji na shingen karɓar kuɗin hanya, irin wanda aka buɗe a kan babbar hanyar Grand-Bassam a Yunin 2022.

Takardun mota su kasance cikakku: lasisi, carte grise, inshora da takardar binciken lafiyar mota. Tun Maris 2023 ƙasar ke aiki da lasisi mai maki 12, wanda ake ragewa idan direba ya karya doka. Fasinja kuma kowa ya riƙe katin shaidarsa, baƙo ya haɗa da takardun zamansa, domin akwai jandarmomi a hanya. Wave da Orange Money da MTN MoMo na aiki a garuruwa, amma a ƙauyen masunta tsabar kuɗi ce ke magana, kuma mai jika goma guda ɗaya zai sha wahalar canji.

Abinci shi ne wurin da aka fi samun rangwame. Garba, wato attiéké na rogo da soyayyen kifin tuna, wanda aka ce daga sunan 'yan Nijar masu sayar da shi ya samo suna, ana samunsa a garuruwan hanya. A Sassandra, idan masunta 'yan ƙabilar Fanti suka dawo da kwale-kwalensu, ana sayen kifi ɗanye a bakin ruwa a ba mai gashi lada kaɗan. Shinkafa da gari da shayi da sukari da jarkokin ruwan sha kuwa a kasuwar Adjamé ko ta Treichville ya kamata a saye su. Wanda zai ci nama a maquis ya tambayi irin naman tukuna.

A ina ake kafa tanti?

Nan ne baƙi suka fi yin kuskure. Bakin teku na iya zama fayau ba kowa, amma kowane yanki na da ƙauyen da ke kallonsa a matsayin ƙasarsa, wani wurin ma wurin al'ada ne da ba a taka shi. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Hanya mafi aminci ita ce a nemi ƙaramin masauki ko mai rumfunan bakin ruwa, a yi ciniki a kafa tanti cikin harabarsa, inda akwai mai gadi da banɗaki da ruwan wanka. Idan ƙauye ne, a fara da gaida mai gari, a faɗa masa ko su wane ne da kwana nawa za a yi, a ba da abin goro. Shi zai nuna wurin da ya dace, kuma daga lokacin an zama baƙinsa.

A kewayen Abidjan, daga Vridi zuwa Port-Bouët da Gonzagueville, kwana a fili ba shawara ba ce. A Grand-Bassam ma, inda 'yan bindiga suka kashe mutum 19 a harin 13 ga Maris 2016, jami'an tsaro ba sa wasa da baƙin fuska da dare, don haka ɗaki mai araha a cikin gari ya fi.

Wurin kafa tantin ma sai an duba. A yi nesa da inda rairayi ke da danshi ko inda ruwa ya bar tarkace, domin igiya kan hau da dare. Tekun nan yana cin ƙasa: a Lahou-Kpanda, tsohon garin Grand-Lahou da ke bakin kogin Bandama, ya cinye gidaje da kaburbura, kuma tun shekarun 1970 aka mayar da garin can cikin tudu. Kada a kwanta ko a ajiye mota ƙarƙashin bishiyar kwakwa mai 'ya'ya. Gidan sauro wajibi ne, domin zazzaɓin cizon sauro ba ya da lokaci a wannan yanki, kuma kwana uku a asibiti sun fi dukan tafiyar tsada.

A Grand-Béréby, inda aka keɓe yankin teku na farko da doka ke karewa a ƙasar, kunkurun teku na fitowa da dare su yi ƙwai a rairayi, musamman daga ƙarshen shekara zuwa farkon wata. Hasken tocila da wuta na korarsu, kuma ɗibar ƙwansu laifi ne.

Me ya sa tekun ke cin mutane?

Wanda ya koyi iyo a gulbin Maradi ko a kogin Kwara a Yamai, kada ya ɗauka ya san wannan ruwa. Daga Assinie zuwa Grand-Lahou gaɓar miƙaƙƙiya ce, babu duwatsun da ke karya ƙarfin igiya. Raƙuman ruwa na tasowa daga tsakiyar Atlantika su faɗo gab da rairayi, abin da ake kira la barre da Faransanci. Ruwan da suka turo tudu dole ya koma, kuma yakan tattaru ya koma ta wata siririyar hanya da gudun da ya fi ƙarfin gwanin iyo.

Abin da ya sa ya zama tarko shi ne, wurin da ruwan ke komawa shi ne ya fi kama da wuri mai lafiya. Igiya ba ta fashewa a nan, ruwan ya fi duhu, kumfa da ciyayi na tafiya ciki maimakon su fito. Baƙo da ke tsoron igiya sai ya zaɓi daidai nan. Doguwar riga ko zane ko hijabi idan suka jiƙe sukan ƙara nauyi, tayar roba kuma ba ta hana ruwa tafiya da yaro.

Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawar komawa tudu kai tsaye, domin gajiya ce ke nutsar da mutum. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi gefe, dama ko hagu, har ya fita daga hanyar ruwan. Na tudu kuma kada su faɗa ciki don ceto, domin sau da yawa haka ake rasa mutum biyu maimakon ɗaya. A jefa masa jarka rufaffiya ko wani abu mai tasowa, a kira masunta, a buga wa 'yan kwana-kwana a lamba 180 ko motar asibiti ta SAMU a 185. A tuna cewa a ƙauye taimako na iya daɗewa bai iso ba, kuma yawancin wuraren ba su da masu tsaron masu wanka.

Daga wajen Sassandra zuwa yamma gaɓar na da duwatsu da lunguna da ke tare igiya, shi ya sa wurare irin Monogaga da Grand-Béréby suka fi dacewa da iyali. Ko a can, a tambayi mutanen gari inda 'ya'yansu ke wanka. Bakin kogi da inda tafki ke haɗuwa da teku, kamar a Assinie da Grand-Lahou, ruwansu na ja ko da ya yi lif. Wanda bai iya iyo ba, ruwa ya tsaya masa a gwiwa.

Yadda za a iya tsara kwana huɗu

Ranar farko a bar Treichville da asuba, a ya da zango a Grand-Lahou, a hau kwale-kwale zuwa Lahou-Kpanda, a nemi rigar ceto kafin a shiga. Rana ta biyu a wuce Sassandra, a ga tsohuwar gadar jiragen ruwa da dutsen tunawa da mutanen jirgin Birtaniya mai suna Dumana da aka nutsar a Disambar 1943, a kwana a ɗaya daga cikin ƙauyukan gaɓa. Rana ta uku San-Pédro ko Grand-Béréby. Ta huɗu a keɓe ta ga dawowa kawai. Nisan ya wuce kimanin kilomita 80 da malaman Malikiyya suka ƙayyade, don haka matafiyi na da sauƙin yin ƙasaru, kuma akwai masallatai a duk waɗannan garuruwa.

Kafin a tashi, a bar wa wani ɗan'uwa a gida sunayen zanguna da ranar dawowa, a kira shi kowace yamma. A ware kuɗin komawa gida daban, kada a taɓa shi ko kifi ya yi araha. Kuma a tafi da buhu na kwashe leda da robobi, domin mai garin da ya tarar da wurinsa tsaf shi ne zai karɓi ayarin da zai zo bayanku.