Yadda Kwamfuta Ke Tankaɗe Adireshin Imel Daga Tarin Rubutu

A ce sakataren wata ƙungiyar manoman gero da wake a Hamdara, cikin gundumar Mirriya, ya tara saƙonni da rahotanni na shekara biyu a kwamfutarsa. Wasu daga ofisoshin gwamnati na Zinder suka zo, wasu daga ƙungiyoyin agaji, wasu daga ɗaliban Jami'ar André Salifou da suka shigo bincike. Sai shugaban ƙungiya ya ce masa, "Malam sakatare, a gayyato mana kowa taron bayan kaka." Adireshin mutanen duk suna cikin rubutun, amma a warwatse kamar tsaba cikin ƙaiƙayi. In ya ce zai bi layi-layi, kwana biyu ba za su ishe shi ba, kuma sai wasu sun kuɓuce masa. Ƙaramin shirin kwamfuta mai layi biyar kan gama aikin nan kafin shayi ya tafasa.

Kwamfuta ba ta san Ali ko Mariama ba, siffa take ganewa. Kowane adireshin imel kashi biyu ne, da alamar @ a tsakiya, wadda a Nijar ake kira arobaz. Injiniya Ray Tomlinson na Amurka ne ya zaɓe ta a 1971, don ya raba sunan mutum da sunan na'urar da akwatinsa yake ciki. A ɗauki sakatare@misali.ne: abin da ke hagu sunan mai akwati ne, abin da ke dama kuwa shi ne domen, wato gidan da akwatin yake. Daga ƙarshe ake fara karanta domen. Wutsiyar .ne ta Nijar ce, .ng ta Najeriya, .fr ta Faransa. Wanda ya ƙare da gouv.ne na gwamnatin Nijar ne, shi kuwa gmail.com gidan haya ne, kowa na iya kama ɗaki a ciki kyauta.

Rariyar da ake tankaɗen da ita sunanta rejeks. Masanin lissafi Stephen Kleene ne ya tsara ka'idarta a shekarun 1950, daga baya Ken Thompson ya shigar da ita cikin manhajar gyaran rubutu a ƙarshen shekarun 1960. In aka mayar da umarnin zuwa maganar baka, ga abin da ake ce wa kwamfuta: nemo jerin haruffa ko lambobi, ko da ɗigo a cikinsu, sai arobaz, sai wani jerin haruffa, sai ɗigo, sai aƙalla harafi biyu. A harshen rubuta shirin kwamfuta mai suna Python, umarnin findall ne ke bin rubutun daga farko har ƙarshe yana tsinto duk abin da ya dace da siffar nan. Sai a sa split ya datsa kowane adireshi daidai kan arobaz, a ajiye ɓangaren dama. Daga nan a mayar da domen ƙananan haruffa, domin Gmail.com da gmail.com gida ɗaya ne, a zubar da maimaici, a ƙirga. Nan take sakatare zai ga nawa ne na gwamnati, nawa ne na ƙungiyoyi, nawa ne ƴan haya.

Sai dai rariya tana da ramukanta. In adireshi ya zo a ƙarshen jumla, shirin da ba a ɗaure da kyau ba yakan haɗiye aya ya ɗauka cikin domen take. Sunayen shafukan sada zumunta da ke farawa da @ ba imel ba ne, ba su da gida. Wanda yatsansa ya zame ya rubuta gmial a maimakon gmail, rariya za ta wuce da shi lafiya lau, tunda siffar ta cika. Samun adireshi a rubutu bai nuna akwatin yana aiki ba. Shi ya sa bayan na'ura ta gama nata, ido ma sai ya bi jerin.

Rariyar nan kuma ba ta tambayar hannun da ya riƙe ta. Da ita ƴan damfara ke sakin shirye-shirye su yi ta yawo a intanet suna kwashe duk adireshin da aka bari a fili, sannan su yi ruwan saƙonnin "ka ci gasa" ko "an ɗauke ka aiki, turo kuɗin takardu". Saƙon imel na talla na farko da aka watsa wa jama'a ba su nema ba ya fita ne tun 1978, daga hannun wani mai suna Gary Thuerk. A Nijar, tun 2017 aka yi dokar kare bayanan mutane, akwai kuma hukumar HAPDP mai sa ido a kanta. Adireshin imel yana cikin bayanan da ake karewa, don haka tattara na mutane a sayar ko a dame su ba da yardarsu ba abu ne da doka ta hana.

Ko wanda bai taɓa rubuta layin shiri ɗaya ba zai amfana da sanin rabon nan na hagu da dama. Kowa na iya rubuta "ministan noma" a hagun arobaz, ba mai hana shi. In saƙo ya ce daga ma'aikata yake amma ya ƙare da yahoo.fr, ko aka ga gouv-ne.com a maimakon gouv.ne, to a dakata. Ko domen ya yi daidai ma, akwai masu iya jabun sunan mai aikawa, saboda haka in maganar kuɗi ce a buga waya a tabbatar.

Shi kuma sakataren Hamdara, in jerinsa ya kammala, ya zuba adireshin a layin ɓoyayyen kwafi kafin ya aika gayyatar. Waɗanda suka rubuto wa ƙungiya ita suka ba adireshinsu, ba duk wanda aka gayyata taro ba.