Inji Mai Bugu Biyu Ko Mai Bugu Huɗu: Wanne Ya Dace Da Keke?

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, har hawan babur ya zama lalurar da sai an yi lissafi, mutane suka koma ga kekunansu, wasu kuma suka shiga tunanin ɗaura wa keken ƙaramin inji, domin wanda ya taɓa tuƙa kaya daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, ko zuwa kasuwar Sara, ya san abin da gwiwa take sha. Wannan dabara daɗaɗɗiya ce, gama da ita Soichiro Honda ya fara sana'ar ƙera babura a Japan a 1946, yana ɗaura wa kekuna ragowar injunan soja, a 1946 ɗin kuwa aka fara sayar da keken VéloSoleX mai inji a Faransa.

Injunan iri biyu ne. Mai bugu huɗu, wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera a 1876, fistan ɗinsa yakan sauka ya zuƙo fetur da iska, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta ya koro shi ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya fitar da hayaƙi. Irinsa ne a jikin Bajaj Boxer na 'yan acaɓa da yawancin injunan ban ruwa na fadama. Mai bugu biyu kuwa, wanda Dugald Clerk ya yi wa rajista a Ingila a 1881, yakan gama wannan aiki duka cikin hawa ɗaya da sauka ɗaya, kuma da yake ba shi da ma'ajin baƙin mai, tilas a gauraya masa mai a cikin fetur, kamar yadda kowa ya saba yi wa ƙaramin janareta.

Fa'idar mai bugu biyu ita ce rashin nauyi, da araha, da zafin tashi, da ƙarancin kayan ciki, har bakanike na ƙauye ya iya kwance shi ya mayar cikin yini guda. Illarsa kuwa israfi ne, saboda wani ɓangare na fetur yakan fice ta salansa bai ƙone ba, ga hayaƙi, ga ƙara, ga fulogi mai yawan yin baƙi. Ranar da mai shi ya manta bai zuba mai ba kuwa, injin ya ƙone ke nan. Mai bugu huɗu ya fi tsada da nauyi, yana kuma bukatar juyen baƙin mai da gyaran bawul lokaci lokaci, amma ya fi tattalin fetur, ya fi natsuwa, ya kuma fi tsawon rai.

Saboda haka, idan aka ɗora su a mizani, ɗalibi ko malami mai zirga-zirga cikin gari, mai bugu biyu ya wadatar da shi. Amma manomi ko ɗan kasuwa mai doguwar tafiya kullum, maslaharsa tana ga mai bugu huɗu, ko da ya biya da yawa a farko. Kowanne mutum ya zaɓa, ya tuna cewa burki da tayoyin keke an yi su ne domin ƙarfin ƙafa, don haka wajibi ne ya ƙarfafa su kafin ya ɗaura inji.